Yadda Ake Sauke Waƙoƙi Daga Manhajar Kiɗa Don Saurare Inda Babu Intanet

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasan dare daga Ngaundere zuwa Yawunde ya san cewa da zarar an bar gari an nausa daji, rezo, wato siginar layin waya, yakan zo ya tafi yadda ya ga dama, alhali tafiyar ta haura kilomita 600 kuma a hanya ake kwana. Haka lamarin yake ga mai bin hanyar Marwa zuwa Kusuri ta Mora da Waza, da mai zuwa ƙauye gaida iyaye, da wanda ke zaune a tsakiyar Garwa amma datarsa ta ƙare kafin wata ya mutu. A irin waɗannan lokuta manhajar kiɗa, wadda aikinta shi ne ɗebo waƙa daga intanet a daidai lokacin da ake sauraro, ba ta da abin da za ta yi maka face nuna 'yar da'ira tana juyawa. Maganin abin shi ne a sauke waƙoƙin cikin waya tun ana inda rezo yake da ƙarfi, kuma manyan manhajojin duka sun tanadi hanyar yin hakan.

Kafin a shiga matakai, akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta, domin rashin fahimtarsa ne ke jawo yawancin ɓacin rai. Waƙar da ka sauke daga Spotify ko Deezer ko Boomplay ba irin wadda masu tura waƙa a kasuwa suke zuba maka a katin memori ba ce. Ta kasuwa taka ce, kana iya aika ta ta Xender ko Bluetooth, kana iya sa katin a rediyon mota. Ta manhaja kuwa aro ce aka ba ka, an kulle ta da wani makulli da manhajar kaɗai ke iya buɗewa, ba za ka gan ta cikin fayilolin waya da sunanta ba, kuma ranar da rajistarka ta ƙare za ta daina kunnuwa ko da tana nan kwance a ma'ajiyar wayar. Wani kawuna mai shagon yadi ya taɓa miƙo mini wayarsa bayan ya ji waƙoƙin bege suna tashi daga tawa ba tare da data ba, ya ce, "Kai ɗan nan, turo mini su duka, ga Xender na buɗe." Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, waɗannan ba sa turuwa, sai dai in buɗe maka naka asusun ka sauke da kanka." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ashe haya kake biya." Gaskiyarsa, haya ce, kuma wanda ya shiga da wannan sanin ba zai ji an cuce shi ba.

Matakin farko shi ne zaɓen manhaja, kuma a nan abin da kake saurare ne ya kamata ya yanke hukunci, domin babu amfanin biyan kuɗi a inda babu mawaƙan da kake so. Spotify, wadda ta fara aiki a Suwidin a 2008, ta iso Kamaru da Chadi a 2021 lokacin da ta faɗaɗa zuwa ƙasashe fiye da 80, kuma sauke waƙa a cikinta sai mai biyan kuɗin Premium, ko da yake mai asusun kyauta yana iya sauke shirye-shiryen magana. Deezer ta Faransa ce, tun 2007 take aiki, ita ma sai an biya ake saukewa. Boomplay ta fito a Najeriya a 2015, kuma da yake tana da alaƙa da kamfanin Transsion mai ƙera Tecno da Infinix da itel, sau da yawa za ka tarar da ita a cikin sabuwar waya tun daga kwali. Audiomack ta Amurka ce, an kafa ta a 2012, kuma ita ce ta fi sauƙi ga marar kuɗi, domin tana barin a sauke waƙoƙi masu yawa kyauta matuƙar mai waƙar ya ba da dama, sai dai wasu an keɓe su ga masu biya. A ganina, wanda waƙoƙin Hausa da na Fulatanci ne abin sauraronsa ya fara leƙa Audiomack da Boomplay. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ka buɗe asusun kyauta, ka rubuta sunayen mawaƙa biyar da ka fi so a wurin bincike, ka ga nawa za ka samu. A gwada rubutun suna fiye da ɗaya, domin sunan mawaƙi ɗaya yana iya zuwa da rubutun Hausa a nan, da rubutun Faransanci a can.

Ka ɗauko manhajar daga Play Store ko App Store kaɗai. Ka yi rajista da imel ko lambar wayar da kake da tabbacin za ta daɗe a hannunka, ka rubuta kalmar sirrin a wani wuri da ba cikin wayar ba, saboda jerin waƙoƙinka a jikin asusun suke rataye, kuma in waya ta ɓata ko ta lalace da su za ka dawo da komai a sabuwa. Wajen biya, hanyoyin sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja, kuma daga ƙasa zuwa ƙasa: wata tana karɓar kuɗin waya irin su MTN MoMo ko Orange Money, wata kuma sai katin banki. Abin da shafin biya ya nuna maka shi ne gaskiyar ranar. Ka karanta a natse ko rajistar za ta riƙa sabunta kanta, musamman idan an ba ka gwajin kyauta, domin in wa'adin gwajin ya cika ba ka soke ba, za a cire kuɗi ba tare da an sake tambayarka ba.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke cinye musu data, wato zaɓen ingancin sauti kafin a taɓa maɓallin saukewa. A cikin saitin kowace manhaja akwai sashen ingancin sauti, wanda a wayar da aka saita da Faransanci za ka ga an rubuta Qualité audio ko makamancin haka, kuma ingancin saukewa daban yake da ingancin sauraro kai tsaye. A Spotify matakan su ne kusan kilobit 24 a daƙiƙa a mafi ƙanƙanta, sai 96, sai 160, sai 320. Lissafin ba shi da wuya. Waƙa mai minti 4 a mataki na 96 tana cin kusan megabait 3, a 160 kusan megabait 5, a 320 kuwa ta doshi megabait 10. Ke nan waƙa 100 za ta ci abin da bai kai megabait 300 ba a mataki na 96, amma ta kusa cinye gigabait guda a mataki na 320. Sannan a tuna cewa waƙoƙinmu ba duka ne masu minti 4 ba. Tsofaffin makaɗan kalangu da na kuntigi sukan ja waƙa ɗaya ta kai minti 20, kuma irin wannan a mataki na 160 ita kaɗai megabait 24 ce. Karatun Alƙur'ani da wa'azi sun fi haka tsawo, sai dai su murya ce zalla, ƙaramin inganci ya wadatar da su.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda zai saurara ta lasifikar waya, ko ta abin kunne na kasuwa, ko a cikin motar haya da ƙarar inji da hirar fasinjoji, ya tsaya a 96 ko 160. Kunnensa ba zai ji bambancin 320 ba, aljihunsa ne kaɗai zai ji. Tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset kuwa, ko an sauke ta a mafi girman inganci ba za ta wuce yadda aka naɗe ta tun farko ba. A yi wannan zaɓi tun da wuri, domin canza shi daga baya yana iya sa manhajar ta sake sauke abin da ta riga ta sauke, ka biya data sau biyu a kan waƙa ɗaya.

Daga nan sai a duba wurin ajiya. Ka shiga saitin wayar, sashen Stockage, ka ga gigabait nawa ya rage. Waya mai gigabait 32 da WhatsApp ya cika da bidiyon biki da saƙonnin murya ba ta da sarari kamar yadda mai ita yake zato, kuma idan ma'ajiya ta kusa cika saukewa yakan tsaya a tsakiya ba tare da wani bayani ba. Ka bar aƙalla gigabait ɗaya a sake bayan abin da za ka sauke. Idan wayarka ta Android ce mai ramin katin memori, Spotify tana ba ka damar mayar da ajiyar zuwa katin daga cikin saitinta, kuma ya fi kyau a yi hakan kafin a sauke ko da waƙa ɗaya. Wayar iPhone ba ta da wannan rami, sai dai a yi maneji da abin da ke ciki.

Batun kati yana buƙatar taka tsantsan, domin araha ba ta ado. Na taɓa sayen kati a bakin tasha da aka rubuta gigabait 64 a jikinsa, a farashin da ya kamata ya sa ni shakka. Waya ta karɓe shi, ta nuna 64 ɗin kuwa, na zuba waƙoƙi, bayan kwana biyu rabinsu suka koma ba sa kunnuwa. Irin wannan kati an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi, in ainihin cikinsa ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho. Ka sayi kati a shagon da za ka iya komawa, ka nemi mai alamar 10 a cikin da'ira, wato mai saurin rubutu, ka gwada shi da manyan bidiyo ka ga ko duk suna buɗuwa kafin ka damƙa masa waƙoƙinka. Kuma ko katin na ƙwarai ne, cire shi a sa a rediyon mota ko a wata waya ba zai kunna waɗannan waƙoƙi ba, saboda makullin nan da aka ambata.

Yanzu sai ainihin saukewar. Ka fara da tara waƙoƙin a wuri guda. A Spotify ba a sauke waƙa guda ita kaɗai, sai dai kundi sukutum, ko jerin waƙoƙi, ko tarin waɗanda ka yi wa alamar so, wanda ake kira Titres likés. Saboda haka ka shiga Bibliothèque, wato sashen da ke tara waƙoƙinka a manhajar, ka taɓa alamar tarawa, ka ƙirƙiri sabon jeri, ka ba shi suna, sannan ka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya kana taɓa ɗigo ukun da ke gefen kowace kana ƙara ta a cikin jerin. A Audiomack da Apple Music, manhajar kiɗa ta kamfanin da ke ƙera iPhone, ana iya sauke waƙa guda kai tsaye, amma ko a can ma jeri ya fi sauƙin sarrafawa. Shawarata ita ce a yi ƙananan jeri maimakon babba guda: na tafiya daban, na aiki daban, na karatu da bege daban, wanda hakan kuma yana hana waƙar rawa ta faɗo a tsakiyar karatu idan an sa manhajar ta riƙa cakuɗawa. Ƙaramin jeri yana gamawa da wuri, kuma in wuri ya ƙure ana iya cire ɗaya a bar sauran.

Idan jerin ya kammala, ka buɗe shi, za ka ga kibiya mai kallon ƙasa a ƙarƙashin sunansa, wani lokaci da kalmar Télécharger a gefe. Ka taɓa ta. Kowace waƙa za ta nuna alamar jira, sannan in ta sauka alamar ta canza launi, a Spotify ta koma koriya. Idan ka taɓa kibiyar ka ga babu abin da ya motsa, mafi yawan lokuta dalilin ɗaya ne: manhajar tana jiran wifi. Haka aka saita ta tun asali don kada ta cinye datar mutum ba da saninsa ba, kuma da yake yawancinmu da datar layi muke aiki, dole ne ka shiga saiti ka kunna izinin saukewa ta données mobiles. Bayan an gama ka koma ka kashe wannan izini, domin jerin da aka sauke yana ci gaba da ɗebo duk sabuwar waƙar da aka ƙara masa, kuma idan jerin na manhajar ne da take sabuntawa kowane mako, zai riƙa shan datarka a ɓoye kana mamakin inda megarka take zuwa.

Lokacin saukewa ma yana da tasiri. Kamfanonin layi, MTN da Orange da Camtel a Kamaru, Airtel da Moov Africa a Chadi, sukan fitar da tsare-tsaren data iri-iri, kuma idan layinka yana da na dare mai rahusa, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, ga shi da dare cunkoson masu amfani yana raguwa. Sai dai a lura cewa tsarin da aka keɓe wa WhatsApp da Facebook kaɗai ba ya sauke waƙa. Ka sa wayar a caji in akwai wuta, ka bar manhajar a buɗe a fuskar waya, ka kashe tsarin tattalin batir, domin wayoyi da yawa suna dakatar da manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar fuskar ta yi duhu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, waya mai caji da saukewa a lokaci guda takan ɗau zafi sosai. Ka cire mata riga, ka ajiye ta a kan siminti ko tebur a inuwa, kada ka tura ta ƙarƙashin matashi.

Matakin da ba na yarda a tsallake shi ne gwaji, kuma na koyi wannan ne da wahala. Wata tafiya na taɓa kibiyar da yamma ina haɗa kaya, na ga ta fara aiki, na jefa wayar a aljihu na nufi tasha da zuciya ɗaya. Sai da jirgi ya yi nisa, aka rage fitilu, na sa abin kunne, sannan na tarar waƙoƙin farko kaɗan ne suka sauka, sauran duk sun yi fari fat ba sa taɓuwa. Daren nan na ƙare shi ina maimaita abu ɗaya har na haddace inda mawaƙin yake jan numfashi. Tun daga ranar, in na gama saukewa sai na kunna alamar jirgin sama a wayar, wadda ke yanke layi da wifi gaba ɗaya, in rufe manhajar in sake buɗe ta, in kunna waƙar farko da ta tsakiya da ta ƙarshen jerin. Idan ukun nan sun tashi, da alama sauran ma sun sauka. A Bibliothèque akwai wurin tacewa da ke nuna abin da aka sauke kaɗai, shi ma ya kamata a leƙa.

Akwai kuma wani saiti a cikin manhajar kanta mai suna Mode hors connexion. Idan ka kunna shi, manhajar ba za ta taɓa intanet ba ko da datarka a buɗe take, abin da ka sauke kaɗai za ta kunna. Amfaninsa babba ne ga wanda ke son WhatsApp ɗinsa ya ci gaba da aiki amma ba ya son waƙa ta ci masa mega, haka ma ga ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kusuri da Njamena, inda layin ƙasa ɗaya kan koma cajin ƙetare a ɗaya gefen.

Sai sharuɗɗan haya. Spotify tana barin a sauke waƙa har 10,000 a kan kowace na'ura, a na'urori 5, kuma in ka sauke a ta shida za ta cire na wadda ka fi daɗewa ba ka taɓa ba, abin lura ga gidan da ake raba asusu ɗaya tsakanin 'yan'uwa. Sharaɗin da ya fi shafarmu shi ne dole wayar ta haɗu da intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin su tafi. Sauran manhajojin biya suna da makamancin wannan. Dalili biyu ne: manhajar tana tabbatar da cewa rajistarka tana da rai, kuma a lokacin ne take aika lissafin abin da ka saurara ba tare da intanet ba, wanda da shi ake ƙidaya rabon masu waƙa. Haɗuwar ba ta cin data mai yawa. Ka kashe Mode hors connexion, ka buɗe manhajar na 'yan mintuna a inda rezo yake, ka mayar da shi. Wanda zai tafi noma ko kiwo ko wani aiki a daji na tsawon makonni ya yi wannan a ranar tafiya, ya kuma tabbata rajistarsa ba za ta ƙare yana can ba. Agogon wayar da kwanan watanta su kasance daidai, domin in sun karkace manhajar tana iya rikicewa wajen ƙidayar kwanakin.

Abubuwan da ke share waƙoƙin da aka sauke sanannu ne. Cire manhajar a sake sa ta yana share su duka. Taɓa Effacer les données, wato goge bayanan manhaja, a saitin Android yana share su, kuma wannan ne masu gyaran waya da yaran gida suka fi yi da niyyar ƙara wa waya sauri, don haka ka yi gargaɗi kafin ka ba da wayarka. Manhajojin share shara da ke zuwa cikin wasu wayoyi su ma sukan ɗauki manyan fayilolin waƙa a matsayin tarkace, sai a duba abin da za su share kafin a amince. Vider le cache, wato share ajiyar wucin gadi, da ke cikin saitin Spotify kanta ba ya taɓa abin da aka sauke. Wani lokaci kuma waƙa guda ce za ta dushe a jerin ba tare da ka yi komai ba, wannan yana nufin mai ita ya janye ta ko yarjejeniyarsa da manhajar ta ƙare.

Za ka gamu da masu tallan manhajar da aka fasa, wadda ake turawa ta WhatsApp ko Telegram da alkawarin Premium kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Izinin saukewa a wurin kamfanin yake, a jikin asusunka, shi ya sa irin waɗannan yawanci ba sa iya sauke komai, kuma kamfanin yana iya rufe asusun da aka kama da su. Mafi muni, ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba, ga shi a wayar nan ce kuɗinka na MoMo ko Orange Money suke, a nan kuma lambobin sirri suke shigowa. Wanda ba shi da halin biya ya tsaya a waƙoƙin kyauta na Audiomack, ko ya biya wata guda kawai a lokacin da yake da doguwar tafiya.

Idan wuri ya ƙure, ka buɗe jerin da ka gaji da shi, ka sake taɓa kibiyar nan, ka amince da cirewa. Waƙoƙin za su fita daga ma'ajiyar wayar, amma jerin da sunayensu suna nan a asusunka, duk ranar da ka so su sai ka sake taɓa kibiyar a inda rezo yake da kyau.